Mikron wuya ya dushe mini sauti: in sa a sayo sabo ko akwai dabara?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da dare. Tambaya gare ni ga manya. Jitata ƙirar Les Paul ce amma kwafi, a hannun wani na saye ta da ya taho da ita daga Kwatano. Mikro biyu gare ta, wato na'urorin nan da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti, duka masu bobin (naɗin waya) biyu. Na gindi ba ni da ƙorafi a kansa, na wuya ne ya hana ni sakat. Da na tura selekta, maɓallin zaɓen mikro, sama sai sauti ya dushe, kamar mai magana daga cikin randa. Manyan tsirkiyoyin nan uku sai su cuɗe, ba ka bambance wannan da waccan, in kuwa ganga da bas suka shigo ni kaina ba na jin abin da nake kaɗawa. Yayana zai taho daga Faransa bayan salla, ya ce in faɗi abin da nake so. Wane mikron wuya zan ce ya sayo mini, wanda zai ba ni sauti garau? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, kada in sa bawan Allah ya zubar da kuɗinsa.

Solo na Talaje:
Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka ƙanena. Ka ce masa Seymour Duncan Jazz, lambarsa SH-2, ka jaddada masa na wuya. Shi ke kan tawa. Kowace tsirkiya da muryarta, ko ka danna shida a tare. Magana ta ƙare.

Mai Bas:
Ko kuma ka sayar da ita ka sayi Strat, wato Stratocaster ta kamfanin Fender, mu ma mu huta da kai.

Ba'adare:
Mai Bas da wasa yake amma gaskiya ya faɗi. Kiɗin namu na nan, wanga da yatsa ke gudu bisa tsirkiya, mikro mai bobin guda shika so. Dubi ɗan jiharmu Mdou Moctar, bahago ne, Stratocaster yake riƙewa, duniya duk ta ji shi. Nan Tawa in ka tahi bukin arme ka ƙirga jitocin da ke fili, mafi yawa masu siraran mikro ukku ne. Ba don ado ba ne.

Ɗan Bukoki:
Na ji, amma ita nake da ita, kuma wuyanta ya zauna mini a hannu. Ba na son rabuwa da ita.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana, kafin a aika Faransa amsa mini abu huɗu. Yaushe rabon da ka sauya tsirkiya? Kabul ɗinka mita nawa ne? A ina kake cusa shi, ampili ko teburin masu sono? Sannan danna manyan tsirkiyoyin a firet na ƙarshe, wato ƙarfen ƙarshe da ke gicciye bisa wuyan jita, ka leƙa ta gefe, tsakaninsu da kan mikron wuya akwai sarari ko sun kusa taɓa shi?

Ɗan Bukoki:
Ina wuni Baba. Tsirkiya tun kafin azumi suke. Kabul na mita goma ne, don ina son zagayawa cikin fili. A gida ampilin Roland Cube gare ni ƙarami, wurin biki kuwa kai tsaye nake shiga tebur don ba na iya ɗauko ampili bisa babur. Mikron kuma yana sama sosai, katin waya da ƙyar zai wuce.

Baba Mai Rediyo:
To ka gani. Duk huɗun suna cin kaifin sautinka, kuma babu ɗaya da ke buƙatar jirgin sama.

Mu fara da wanda ba ya cin ko dala. Tsirkiya ta fi lilo a wajen tsakiyarta, kusa da gindi kuwa da ƙyar take motsi. Shi ya sa mikron wuya, ko wane iri ne, ya fi na gindi ƙarfi da kauri. In kuma ka ɗaga shi har ya kusa lasar tsirkiya, kaurin ya ninku. Ɗauki turnabis. Akwai bis biyu a gefen mikron, ɗaya ta wajen manyan tsirkiyoyi, ɗaya ta wajen ƙanana. Sassauta ta wajen manya har sarari ya kai milimita 3, in ana danne da firet na ƙarshe. Ta wajen ƙanana bar shi kamar milimita 2. Wato mikron ya ɗan karkace. Rabin juyi za ka riƙa yi kana kaɗawa kana saurare, kada ka murɗe gaba ɗaya bis ya fice sifirin ya faɗa cikin rami. Bayan haka, ƙananan bis shida ɗin nan da ke jere a fuskar mikron, ɗago su kaɗan, juyi ɗaya ko ɗaya da rabi. Jikin ya yi ƙasa, kawunan sun yi sama, za ka ji tsirkiyoyi sun fara rabuwa.

Tsirkiya kuwa ba sai na faɗa maka ba. Zufar bazara da ƙurar Yamai sun cika tsakanin naɗinsu. Tsohuwar tsirkiya ko ka sa mata mikron zinariya ba za ta yi ƙara ba.

Yaya Mai Sono:
Tunda an ambaci teburinmu bari in sa baki kafin a ɗora mana laifi. Kullum faɗan da nake yi da yaran orkestra ke nan. Mutum ya zo da jita a baya ba ampili, ya miƙo mini kan jak ya ce Yaya sa ni, in an fara ya riƙa ɗaga mini hannu wai in ƙara masa kaifi. Ƙanena, ramin layi na tebur ba don jita aka yi shi ba, don piyano da na'urar kiɗa ne. Ina iya murɗa maka kaifi har ƙarshe, abin da zai ƙaru shi ne shuuu, don abin da kake nema ya riga ya mutu tun kafin ya iso hannuna. Ka nemi akwatin DI mai batir, mai daidaita sigina tsakanin jita da tebur, ko ka bi ta fedal, ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa.

Ɗan Jami'a:
Abin da Yaya ta faɗa haka yake a lissafi. Ƙofar ampilin jita tana da juriya wajen om miliyan 1, ramin layi na tebur kuwa galibi wajen om dubu 10 ne zuwa 20. Mikron jita ba shi da ƙarfin tura ƙofa mai nauyi haka, kuma siraran sautuka ne ke fara faɗuwa.

Kabul ma da nasa. Kowace mita tana riƙe da wajen pikofarad 100. Mikro naɗin waya ne bisa maganaɗisu, in ya haɗu da wannan riƙon na kabul sai a samu wani tudu a sauti, wurin da ya fi fitowa, daga bayansa kuma komai ya gangara. Yawan naɗi da tsawon kabul duka suna jawo tudun ƙasa. Na Strat da gajeren kabul tudunsa na can sama, shi ne ƙyallin da kunne ke ji. Mai bobin biyu da aka cika wa naɗi, a kan kabul na mita goma, tudunsa ya sauko tsakiyar sauti inda murya da piyano suke cunkushe. Dabara: kabul na mita 3 daga jita zuwa fedal ɗin Boss ko wane iri, ko na gyaran tsirkiya ne, daga nan ka ja mai tsawon. Fedalolin Boss suna da ɗan da'irar da ke ƙarfafa sigina ko a kashe suke, muddin akwai batir.

Mai Bas:
In ya tsaya a mita uku wa zai je gaban amarya a liƙa masa kuɗi? Ku dai kuna son yaro ya kwana da yunwa.

Ɗan Jami'a:
Sai ya sa fedal ɗin a aljihu.

Baba Mai Rediyo:
Ku bar shi ya yi aiki. Ɗana, ka ari miltimetir wurin mai gyaran waya na unguwarku. Ba sai ka buɗe jita ba. Cusa kabul, tura selekta kan wuya, buɗe bolim har ƙarshe, ka sa tsinken mita ɗaya a kan jak ɗaya a jikinsa. Rubuta abin da ka gani. Yi haka ga na gindi. Sannan ka koma kan wuya, ka sa mita a babban ma'auni, ka riƙa rage bolim a hankali. Lambar za ta yi ta hawa har ta kai wani wuri ta fara saukowa. Mafi girman da ka gani, ninka shi huɗu, shi ne kusan girman potar ɗinka, wato abin da maɓallin bolim ke murɗawa a cikin jita.

Ɗan Bukoki:
Baba na yi. Na wuya 12.9k (k ɗin nan om dubu ke nan), na gindi 13.1k. Da na rage bolim ta hau har wajen 65k sannan ta juyo.

Solo na Talaje:
Ai ga shi nan! Mikron gindi aka dasa maka a wuya. Haka masu arha suke yi, iri ɗaya suke bugawa su sa gaba da baya. Jazz da na faɗa maka wajen 7.5k yake. Kusan rabi. Tun farko na ce a saya, aka tsaya dogon turanci.

Baba Mai Rediyo:
Solo, ba a ce ka yi ƙarya ba, amma duba ɗaya lambar. 65 sau huɗu, 260. Cire na mikro, potar ɗinsa na 250k ne. Wannan na jitar Fender ne mai bobin guda, ana sa shi don ya rage mata tsini. Mai bobin biyu 500k ake sa masa. Wani ya taɓa gyara jitar nan ya sa abin da ya samu a akwati. Ko Gibson da kanta daga shekarun 1970 ta daɗe tana sa 300k, mutane suna ta cirewa suna mayar da 500k saboda irin wannan kukan na yaron nan. Yanzu in ya ɗora Jazz ɗinka a kan 250k, da tsohuwar tsirkiya, da kabul mita goma, cikin tebur, zai dawo zauren nan ya ce Solo ya cuce shi.

Solo na Talaje:
Ko ya sa 500k, 13k dai 13k ne Baba. Ba a mayar da shi siriri da addu'a.

Ɗan Jami'a:
A yi hattara da lambar om ɗin nan, ba ita ce sauti ba. Tsawon waya da kaurinta kawai take faɗa. Tsofaffin mikro na Gibson, waɗanda Seth Lover ya ƙirƙiro suka hau Les Paul a 1957, waya mai lamba 42 aka naɗa musu, wajen naɗi 5,000 kowane bobin, suna ba da 7.5k zuwa 8k da ɗoriya. In aka yi amfani da lamba 43 ko 44, wadda ta fi siranta, naɗi iri ɗaya zai ba da om mafi yawa. Saboda haka kwatanta lamba da lamba yana da amfani ne in wayar iri ɗaya ce. Wani abu kuma da ya shafe mu nan: jan ƙarfe juriyarsa na ƙaruwa da zafi, wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Mikron da aka auna 7.5k a ɗaki mai digiri 20, in ka auna shi a Yamai watan Afrilu cikin digiri 42 zai haura 8k. Kada wani ya ga haka ya ce an sayar masa da jabu.

Amma duk da haka 13k a wuya ya yi yawa, a nan ina bayan Solo.

Tsohon Orkestra:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban ce komai ba. Yaro, ina so ka tsaya ka tambayi kunnenka abin da ya rasa. Ka ce manyan tsirkiyoyi na cuɗewa. Wannan ba ƙarancin kaifi ba ne, yawan kauri ne. In ka bi kaifi kawai, ranar da ka shiga sono mai ƙahonnin nan na sama, tsofaffin da ke zaune gaba za su toshe kunne, kuma cuɗewar na nan ba ta tafi ba. Mu da muka yi kiɗa a gidajen rawa da ampili ɗaya mu uku, abin da muka koya shi ne kowa ya bar wa ɗan'uwansa wuri. Ƙasa ta mai bas ce. Ka saurari ƙungiyar Tal National, jita tana gudu a sama, ba ta taɓa sauka ta tare wa bas hanya. Je ka ga Cube ɗinka, mayar da bas ɗinsa kan 2 ko 3, ka bar tsakiya da sama yadda suke, ka zo ka ba mu labari.

Mai Bas:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Shekara da shekaru ina faɗa ba mai ji, sai da babba ya faɗa.

Ɗan Bukoki:
Kawu na gwada, wuya ya gyaru sosai. Sai dai da na koma na gindi ya zama siriri ƙwarai, ba nama ko kaɗan.

Baba Mai Rediyo:
Shi ya sa ake rage kaurin a cikin jita, a kan mikron wuya shi kaɗai. Ƙaramin kondansater ake sa wa a kan wayarsa mai ɗauke da sauti, kafin ta shiga potar, a jere ba a gicciye ba. Yana tare ƙasa ya bar sama ta wuce. Kamfanin G&L, wanda Leo Fender ya kafa daga baya, sun daɗe suna sa maɓallin rage bas a jitocinsu da wannan hikimar. Nemi wanda aka rubuta 472 a jikinsa, in bai isa ba ka sauka 332 ko 222. Duk ƙanƙantar lamba, yawan abin da yake yankewa. Kula da kyau: 222 da 223 ba ɗaya ba ne. 223 shi ne na maɓallin ton, ya ninka wancan goma, in ka sa shi a nan da wuya ka ji bambanci. A tsohon allon rediyo ko talabijin suna nan birjik, a Katako ba wanda zai tsaya ciniki da kai a kansu.

Ba'adare:
Baba mi za ku ce ga cire marfin ƙarfen? Ni na cire ma wata tawa, abin da nij ji kamar an buɗe taga.

Baba Mai Rediyo:
Ya danganta da marfin. Masu tsada farin ƙarfe ne na nikel, ba ya cin komai sai kaɗan. Masu arha tagulla ce aka shafe da kurom, ita kam tana shan kaifi. Kankare cikinsa da wuƙa, in ka ga rawaya to ita ce. Amma ba na ba yaro shawara ya cire da kansa. Marfin a liƙe yake da dalma gefe biyu, ciki kuma kakin zuma ne, wayar naɗin ba ta kai kaurin gashin kai ba. Hannu ya goce sau ɗaya, mikro ya mutu. Kuma a garin nan marfi na tare ƙura da zufa.

Solo na Talaje:
Nawa ba marfi kuma bai mutu ba.

Baba Mai Rediyo:
Naka haka aka ƙera shi, da ƙyalle a naɗe kewaye da bobin.

Yaya Mai Sono:
Ina so in koma kan masu cewa bobin guda. Ku kuna jin daɗinsa a ɗaki, ni nake shan wahalarsa a fili. Kuran ɗinmu hertz 50 ne, kuma mafi yawan wuraren biki da gurup muke aiki, wayoyi a ƙasa, fitilu masu launi a kan layi ɗaya da mu, babu wayar ƙasa ko ɗaya. Mai Strat na tsayar da hannu sai ka ji zzzz ya cika unguwa, mai wa'azin aure na magana ana jin ƙugi a bayansa. Mai bobin biyu ai don kashe wannan aka ƙirƙiro shi. Yaron nan yana da shi a hannu, ku bar zuga shi ya jefar. Kuma tunda na ambaci wayar ƙasa: wanda ya taɓa jin makirfo ya ɗan cije shi a leɓe yana riƙe da tsirkiya, ya tsaya a duba layi, ba abin dariya ba ne.

Ba'adare:
Yaya, ƙugin nan mu mun saba da shi, cikin kiɗi yake ɓacewa. Sannan in ka sa selekta tsakanin mikro biyu, ga mafi yawan Strat na yanzu, shina yin shiru.

Yaya Mai Sono:
Kun saba da shi don ba ku ake kira a zaga ba washegari.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Yaro ya ce me zai ce a sayo masa.

Ɗan Jami'a:
Akwai hanyar da ke tsakanin Ba'adare da Yaya. Ɗan Bukoki, buɗe murfin baya ka duba wayar da ta fito daga mikron wuya. In ƙananan wayoyi huɗu ne masu launi da ɗaya tsirara, ka yi sa'a. Yanzu bobin biyun a jere suke, sauti na fita daga ɗaya ya shiga ɗaya. Ana iya haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Mita za ta nuna rubu'in lambar da, wato 13k ya koma 3k da ɗan kai, tudun nan da na faɗa ya haura sama sosai, kuma ƙugi ba zai dawo ba don duka biyun na aiki. Ƙarfi zai ragu, amma a wuya wannan alheri ne. Kashe bobin ɗaya gaba ɗaya shi ne ke dawo da ƙugi. Mikro mai naɗi da yawa irin naka ma ya fi dacewa da wannan haɗin.

Ɗan Bukoki:
Na duba. Waya ɗaya ce a tsakiya da saƙar ƙarfe kewaye da ita.

Ɗan Jami'a:
To wannan ƙofar a rufe take, sai an buɗe cikin mikron.

Baba Mai Rediyo:
Ana yi, na sha yi, amma ba a kan jitar da mutum ke cin abinci da ita ranar Asabar ba.

Solo na Talaje:
Mun zagaya mun zagaya mun dawo tasha. A saya.

Tsohon Orkestra:
A saya, amma yanzu ya san abin da zai saya da dalilinsa. Ni ga abin da kunnena ya sani. Jazz ɗin Solo yana da tsabta, ƙasansa a ɗaure yake, ba ya ƙugi, zai zauna a ramin jitarka ba sassaƙa. Akwai na DiMarzio mai lamba DP156, bai kai 6k ba, shi an yi shi ne musamman don masu kuka irin naka, ya fi Jazz kusa da muryar Strat. Wasu na cewa ya yi tsini, kuma kusa da na gindinka mai 13k zai zama ƙaramin murya, sai ka sauke na gindin don su daidaita. Irin Filter'Tron na jitocin Gretsch ma bobin biyu ne masu ƙaramin naɗi, suna da ƙyalli mai daɗi, amma sai an nemo wanda aka yi daidai ramin Gibson. Wanda ba na so ka ruɗu da shi shi ne P-90. Mutane na jin bobin guda ne sai su ɗauka siriri ne. Bobin ɗinsa faffaɗa ne mai naɗi da yawa, tsakiyarsa da kauri, ga ƙugin da Yaya ke kuka da shi.

Kuma kada ka sa rai za ta zama Strat. Tsawon tsirkiyar Fender milimita 648 ne, na Gibson wajen 628, ga bambancin itace da yadda aka haɗa wuya. Bobin biyu kuma wuri biyu yake sauraron tsirkiya, wasu siraran sautukan na kashe juna a tsakani. Za ta yi garau, amma da muryarta.

Ba'adare:
Kawu kun manta maganaɗisu. An ce alniko ya hi siramik daɗi.

Tsohon Orkestra:
An ce. Ni na ji mai siramik mai daɗi, na ji mai alniko da ba ya kaɗuwa. Jazz da DP156 duka alniko 5 ne, in wannan zai kwantar maka da hankali. Naɗin ya fi damuna.

Solo na Talaje:
Abu ɗaya zan ƙara. Ka ce wa yayanka ya shiga shagon kayan kiɗa na gaske, ko ya yi oda daga babban shago. Kada ya bi masu arha a intanet. Jabun Seymour Duncan sun cika duniya, da tambari da kwali da komai. Wani abokina ya kawo ɗaya yana murna ya same shi a rubu'in kuɗi, muka buɗe gindin muka tarar da tagulla da maganaɗisu baƙi an manna da gam.

Baba Mai Rediyo:
Kuma ya ce mai waya huɗu. Ya haɗo da potar 500k guda biyu, irin na bolim mai alamar A, ka auna tsawon wuyan naka da kaurinsa kafin ka aika, don na Amurka sun fi na Asiya kauri, sai an ɗan buɗa ramin, maɓallin ma wani lokaci ba ya shiga. In da hali ɗaya ya zama mai ja da turawa, sai ka samu haɗin jere da na kafaɗa a maɓalli guda.

Ranar haɗawa a kula da launi, kowane kamfani da nasa. Seymour Duncan: baƙi ne mai sauti, ja da fari a haɗe a naɗe, kore da tsirara zuwa bayan potar. DiMarzio: ja ne mai sauti, baƙi da fari a haɗe, kore da tsirara ƙasa. In ka gama ka sa selekta a tsakiya ka ji sauti ya zama siriri ta hanci, sabon da tsohon suna ja da juna ne, sai a juya wayoyin sabon. Ba lalacewa ya yi ba.

Ɗan Jami'a:
Tambaya Baba. Sauya kondansater na ton daga 473 zuwa 223 zai ƙara masa haske?

Baba Mai Rediyo:
In ton a buɗe yake har ƙarshe, da wuya kunne ya ji. Aikinsa sai an fara rufewa. Wanda ke kaɗawa da bolim a rage shi ke buƙatar wani abu dabam, ɗan 102 a tsakanin ƙafar shiga da ta fita ta potar, don kaifi kada ya gudu in an rage. Ɗana, kana rage bolim?

Ɗan Bukoki:
A'a Baba, kullum a ƙarshe yake.

Mai Bas:
Mun shaida.

Ɗan Bukoki:
Jama'a na dawo da rahoto. Na sa sabbin tsirkiyoyi, na sauke mikron ta wajen manya, na ɗago ƙananan bis. Na kai wa Baba ya sa 500k da ya ciro daga wata matacciyar jita, ya ɗaura 332 a wayar wuya, don 472 bai yi mini ba. Jiya mun yi biki a Yantala, na ari fedal na bi ta cikinsa. Mai ganga da kansa ya juyo ya tambaye ni ko sabuwar jita ce. Manyan tsirkiyoyi sun rabu. Abin da ya rage, in na hau can sama ina gudu, bugun farko na yatsa bai fito tsaf yadda nake ji a Strat ɗin abokina ba.

Solo na Talaje:
Wannan ragowar ita ce 13k ɗin. Ba turnabis da zai cire ta.

Baba Mai Rediyo:
Wannan kam gaskiyar Solo ce. Amma ka yi biki biyu ko uku a haka tukuna, salla da saura. In har ka sa sabon, a cire 332 ɗin a fara jin sa haka nan, mai yiwuwa ba ya buƙata.

Ɗan Bukoki:
To Jazz ko DP156?

Solo na Talaje:
Jazz.

Tsohon Orkestra:
Yadda ya kwatanta bugun yatsan nan, ni DP156 zan ce. Solo, ka kai masa taka fada ya kaɗa da hannunsa a Cube ɗinsa, ko rabin amsa ya samu.

Solo na Talaje:
Ya zo Talaje ranar Laraba bayan isha'i, amma shi zai sayi sukarin shayi.

Ba'adare:
In ka cire tsohon kada ka yar. Akwai yaro nan Tawa da na gindinsa ya mutu, 13k daidai gare shi. Ka ba direban mota ya kawo, in turo maka kuɗɗin.